Mu Muka Cika Taragun, Mu Za Mu Ƙera Su

Layin dogo bai taɓa ratsa Mallawa ba. Babu tashar jirgin ƙasa a Dungas, babu a Magarya, ko birnin Damagaram ma ba shi da ita. Amma duk wanda ya ce mutanen wannan yanki ba su da hannu a tarihin jirgin ƙasa, to bai leƙa cikin taragun ba ne. Shekara da shekaru, in kaka ta yi, jirgin kaya ya tashi daga Kano ya nufi bakin teku, cikin buhunan da yake ɗauke da su akwai gyaɗar da aka shuka a jigawarmu, aka cire da hannu, aka tsinke, aka ɓare, aka sheƙe a bakin rumbu. Da ku nake, manoma da maƙera, masu walda da kafintoci, 'yan dako da masu amalanke, iyayenmu mata masu suyar ƙuli-ƙuli, da ku samari masu facin taya a bakin kasuwa. Ku gyara zama, yau zancen taragon kaya za mu yi.

Mutane in sun ga jirgi, kansa suke kallo. Shi ke da hayaƙi, shi ke da jiniya, shi ake ɗauka a hoto. Taragon kaya yana can baya, ba taga, ba kujera, sai lamba a gefe da ƙura a jiki. Amma kan jirgin da ya tafi Ikko shi kaɗai, asara ya je yi: kwal ya ƙone, ko anini bai shigo ba. Kuɗin reluwe a cikin tarago suke. Haka mai aikin ƙarfi yake a kowace ƙasa, ba a ambaton sunansa a rediyo, amma kayan a wuyansa suke.

Dogo ya iso Kano a 1911, daga Baro da ke bakin kogin Kwara, kuma ba da jimawa ba aka haɗe shi da layin da ya taso daga Ikko. Ba aljanu suka shimfiɗa shi ba. Talakawa ne, da diga da shebur da kwando a ka, da yawansu kuwa ba da son ransu aka kai su ba. Aikin ya girgiza ƙasar Hausa har Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi ya yi masa Waƙar Diga. Turawan Ingila da suka kashe kuɗinsu a kan dogon nan auduga suke kwaɗayi, don masaƙunsu na gida. Sun gama tsara komai a takarda, sai dai ba su yi shawara da manomi ba. Shi kuwa ya zauna ya yi nasa lissafin: gyaɗa ta fi kawo kuɗi, tana son jigawa, harawarta abincin dabba ce, in kuma kasuwa ta faɗi sai a ci abar a gida, auduga kuwa ba a miya da ita. Daga kakar 1912 gyaɗa ta fara kwararowa Kano har ta fi ƙarfin jirgi. Fataken da suka saba da hanyar goro, irin su Alhassan Ɗantata, suka juya akalarsu zuwa gare ta. Bature ya shimfiɗa ƙarfe, amma mai fartanya ne ya yanke abin da ƙarfen zai ɗauka.

A 1929 dogo ya kai Ƙaurar Namoda. A 1930 wani reshe ya fita daga Kano, ya bi ta Ringim da Malam Madori ya tuƙe a Nguru, wato ya shimfiɗu kudu da mu, a tsallaken iyaka. A namu ɓangaren na Nijar, Faransa na neman haraji, harajin kuwa da tsabar kuɗi, tsabar kuɗin kuma a gyaɗa take. Ƙasar Magarya ta zama ɗaya daga cikin manyan rumbunan gyaɗar Nijar. Jakuna da raƙuma suka yi ta safara, daga baya manyan motoci suka karɓa, hanya mafi kusa zuwa teku kuwa ita ce ta tashoshin Nijeriya.

Ku tambayi dattawan da suka ga zamanin, su ba ku labarin wurin awo. Ga sikeli a rataye, ga malamin awo da fensir a bayan kunne, ga manomi ya kafa wa allurar sikelin ido don kada a yi masa ƙwange. Gefe guda masu ɗinki na zaune da basilla da igiyar rama, suna kama bakin buhu su bar masa kunnuwa biyu na ɗauka. Sai ɗan dako ya gyara gammo, mutum biyu su kama kunnuwan su cilla masa buhu a ka, ya miƙe wuya, ya taka buhunan da aka riga aka jera tamkar matakala, ya hau har ƙololuwa ya sauke, ya sauko ya koma layi. Haka aka gina dalar gyaɗar da ake ta yayata hotonta, dubban buhuna a tsibi ɗaya, an lulluɓe da tamfol. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne dalilin tsayuwarta. Taragu ne ba su isa ba, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Noman ya fi ƙarfin jigilar, dole kaya ya jira. Kowace dala shaida ce cewa hannun manomi ya riga ƙarfen gwamnati.

Su kansu taragun iri-iri ne, kowane da aikinsa. Akwai rufaffe mai ƙofar turawa, na gyaɗa da auduga da fatu da ƙiraga, kayan da ba sa son ruwa. Akwai buɗaɗɗe, wanda ke kwaso kwal daga Inugu don cikin kan jirgi. Akwai na dabbobi mai tsagogi a jiki don shan iska, da shi shanun arewa, har da waɗanda suka ƙetaro daga Damagaram, suke isa mahautan kudu ba tare da sun rame a hanya ba. Akwai tanki na kananzir da fetur. A can wutsiya kuma ga ɗan taragon mai gadi, da birkinsa da fitilarsa. In sun juyo arewa ba sa dawowa fayau: gishiri, atamfa, kwanon rufi, siminti, goro daga kurmi. Da yawa daga abin da kakanninmu suka saya a kasuwannin kan iyaka a bayan tarago ya iso.

Ma'aikatan dogon ma sun nuna wa duniya wane ne ke juya ƙafar jirgi. A 1945 ma'aikatan Nijeriya suka shiga yajin aiki na gama-gari, 'yan reluwe na kan gaba da jagoransu Michael Imoudu, aka yi sama da wata guda taragu na tsaye. Daga Oktoban 1947 zuwa Maris na 1948 ma'aikatan reluwe na ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa suka ajiye aiki sama da wata biyar, suna neman a daidaita su da Turawan da suke aiki tare. Ranar da hannu ya tsaya, ƙarfe ma tsayawa ya yi.

Faransa ba ta ji daɗin ganin gyaɗar Nijar na bin dogon Ingilishi ba. A farkon shekarun 1950 ta ƙirƙiro shirin da ta kira Hirondelle, motoci su kai gyaɗa Paraku a ƙasar Dahome, jirgi ya ɗauka zuwa Kwatano. A 1959 aka kafa hukumar jirgin ƙasa ta haɗin gwiwar Dahome da Nijar. Bayan samun mulkin kai, a 1962 aka kafa SONARA don cinikin gyaɗa, ga kuma matatun mai a Maraɗi da Matamaye da Magarya. Gyaɗa ce kan gaba a abin da Nijar ke sayarwa waje, har yuraniyom na Arlit ya karɓe ta. Sai farin 1973 da 1974 ya zo, kuturtar gyaɗa da darɓa ke yaɗawa ta biyo baya a 1975, Nijeriya kuma hankalinta ya koma kan fetur. Dala ta baje. Tsofaffin taragu suna nan jibge a tashoshin Kano da Zariya da Kaduna, tsatsa na ci, ciyawa ta fito a ƙarƙashinsu.

To, a wasu ƙasashe irin waɗannan tsofaffin taragu ba a bari su ɓace haka nan. Akwai mutane, manya da gemunsu, injiniyoyi da malamai da tsofaffin ma'aikata, waɗanda aikinsu a lokacin hutu shi ne ƙera ƙananan taragu masu kama da na gaske sak. Tun a 1891 kamfanin Märklin na Jamus ya fito da ƙananan jirage masu tsayayyen faɗin dogo, yadda taragon da ka saya bana zai hau layin da ka saya bara. Yau a birnin Hambog na Jamus akwai gidan kallo mai suna Miniatur Wunderland, wanda aka buɗe a 2001, mutane na tururuwa daga ƙasashen duniya suna biyan kuɗi don kallon ƙananan jirage na yawo. Masu wannan sana'a sukan bi tsofaffin hotuna da zanen injiniyoyi, su ƙirga katakon da ke jikin tarago, su kwaikwayi lambarsa, har tsatsar da ta zubo daga ƙusa sai sun zana ta da fenti. A Ikko ma, a unguwar Ebute Metta, an mai da wani tsohon gidan reluwe, Jaekel House, gidan adana tarihin dogo.

Kada wani ya ce wannan wasan masu ƙoshi ne. Ku dubi yaranku da kaka. Yaro zai samo karan dawa, ya fere ɓawon ya mai da shi ƙusa, ya yanka totuwa gunduwa-gunduwa, ya soke wannan da wancan, kafin la'asar ga mota da ƙofarta da madubinta. Wani zai lanƙwasa langa-langa, ya yanko ƙafafu daga tsohon silifa, ya sa doguwar waya ta zama sitiyari, yana tafe yana tuƙi yana yi mata kukan inji da baki. Ba wanda ya koya masa, ba wanda ya ba shi ko dala. Basirar da Bajamushe yake karɓar kuɗi a kanta, ga ta nan tana yawo ba takalmi a lungunan Mallawa. Abu guda ya raba motar karan yaron nan da ɗan taragon da ke cikin gilashi a Hambog, shi ne awo.

Ƙa'idar ba ta da wuya. Ka zaɓi lamba ɗaya, ka raba kowane sashe na abin gaske da ita, kada ka sauya har ka gama. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne ɗaya cikin 87, wanda a kansa taragon mita 12 ba ya kai santimita 14. Wannan ya yi ƙanƙanta ga mai aiki da almakashin kwano. Mu ɗauki ɗaya cikin 20. A ce taragon da ka auna tsawonsa mita 12 ne, naka zai zama santimita 60. Ƙofar mita 2 ta zama santimita 10. Buhu mai tsawon mita ɗaya ya zama santimita 5. Tsohon dogon Nijeriya faɗinsa milimita 1,067 ne, saboda haka naka layin zai zama milimita 53.

Sai ka zauna. Ka fasa gwangwanin madara ko na tumatir, ka baje shi a kan uwar maƙera da ƙaramar guduma har ya kwanta. Ka zana da tsinin ƙusa kafin ka yanka. Ka fara da gindin tarago, don in gindi ya karkace, duk abin da ka ɗora a kai karkatacce ne. Ka auna kusurwa zuwa kusurwa ta nan, ka auna ta can, in ba su zo ɗaya ba ka warware ka sake. Ka lanƙwasa bango a bakin katako don layin ya fita tsaf, ka liƙe da dalma. Ƙofar ka yi mata hanyar da za ta riƙa zamewa. Sannan ka zo kan ƙafafu, inda ake gane gwani. Ƙafar jirgi tana da leɓe ta ciki, shi ke riƙe ta kada ta sauka daga dogo. In ka yi kuskuren milimita 2, ɗan taragonka zai tuntsure a kwanar farko, kuma ya kamata ya tuntsure, domin milimita 2 a nan santimita 4 ne a jikin na gaske. Daga ƙarshe tela ya ɗinka maka 'yan buhuna da ƙyallen algarara, ka cika su da yashi, ka loda.

Wanda yake ganin awo ƙaramin abu ne, ya dubi wannan. Dogon Kwatano zuwa Paraku faɗinsa milimita 1,000, tsohon na Nijeriya 1,067. Bambancin bai wuce faɗin yatsu huɗu ba, amma taragon wannan ba zai taɓa hawa layin wancan ba, ko da an haɗa su baki da baki. Ƙasashe biyu maƙwabta, wannan 'yar tazara ta raba jiragensu.

Me maƙerin Mallawa zai samu in ya ɓata yammacinsa a kan ɗan tarago? Na farko, hannunsa zai saba da tef. Mu faɗa wa juna gaskiya, da yawanmu da ido muke awo, da taƙi da kamu. Idonmu kuwa yana da kyau, shi ya sa muke tsira. Amma sau nawa aka kai ƙofa gidan mai ita ta ƙi shiga, sai an fasa bango? Sau nawa amalanke ya riƙa cin taya ta gefe ɗaya, ya gurje wa sa wuya, don sandar ƙafafun ba ta zauna daidai ba? Sau nawa injin ɓarar gyaɗa ya lalace, aka rasa abin da za a sauya masa, don wanda ya ƙera shi bai taɓa yin biyu iri ɗaya ba? Wanda ya iya rage tarago gida 20 bai kauce ba, ya iya karanta zanen injiniya, ya iya faɗa wa mai aiki yawan ƙarfen da za a saya tun kafin a kunna wuta, ya iya yin abu goma su fito kamar an zuba su a mazubi ɗaya. Irin wannan maƙerin ba a taya masa aiki da wulaƙanci.

Na biyu, tarihin iyayenmu zai samu wurin zama. Dattawan da suka kora jakuna da gyaɗa zuwa wurin awo, da waɗanda suka ci rani suna dako a tashoshin jirgi, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Yaron makarantar Dungas bai taɓa ganin jirgi ba sai a waya. In malaminsa ya ajiye masa taragu uku a kan tebur, rufaffe da na shanu da tanki, ga 'yar dala a gefe, ga sikeli, ga ɗan dako da gammonsa, a darasi ɗaya ya koyi rabawa, ya koyi tarihi, ya kuma gane cewa kakansa ba ɗan kallo ba ne a cinikin duniya. Na uku, abin da aka yi da kyau ba ya rasa mai so. Makarantu na buƙatar kayan koyarwa, gidajen tarihi irin na Bubu Hama a Yamai da Gidan Makama a Kano suna karɓar baƙi masu son kayan hannu, waya kuma ta mai da kowace rumfa kanti. Ba na ce za ku yi arziki da shi dare ɗaya ba. Na ce ƙofa ce, kuma ba a kulle take ba.

Ga kuma abin da ke tafe. A watan Fabrairun 2021 aka aza harsashin sabon dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, faɗinsa milimita 1,435. Daura kuwa ba nisa gare ta da ƙasar Magarya ba. Mun dai san shimfiɗa ƙarfe daban, tafiyar jirgi daban, tunda an shimfiɗa dogo daga Yamai zuwa Doso, aka yi bikinsa a 2016, har yau bai zama hanyar fatauci ba. Ranar zuwan jirgi ba a hannunmu take ba. Abin da ke hannunmu shi ne halin da zai same mu a ciki. Tarago yana son mai walda da ya san awo, mai gyaran birki, mai sauya ƙafa, kafinta mai yin akwatin kaya. In ba a samu a cikinmu ba, daga wani wuri za a kawo su, mu kuma a bar mu da gammo. Dako sana'a ce mai daraja, da ita aka ciyar da gidaje aka aurar da 'ya'ya. Amma uban da ya yi dako don ɗansa ya wuce nan ya yi.

Haka ma abin da za a loda. A da mun ba da gyaɗa ɗanya, aka matse ta a Turai, aka ci ribar man a can. Iyayenmu mata, ku da kuke soyawa, ku niƙa, ku murza har mai ya tsatso, ku kuka riƙe wannan masana'anta a tsakar gida bayan manyan matatu sun yi shiru. Ku haɗa kai, ku tsai da mudu ɗaya da kwalba ɗaya da tsabta ɗaya, yadda mai saye a Kano zai yi oda bai gani ba, kuma abin da ya zo masa ya zama shi ne abin da ya nema. Masu riɗi da wake da zoɓo da ke kai kaya Maigatari ranar Alhamis, ku ma haka: a tace, a tsince, a auna, buhu ya zama buhu. Duk maganar ɗaya ce.

Saboda haka ku tashi. Maigidan gareji, ka ware wa yaranka yammaci ɗaya a mako, ka zube musu guntayen kwano, ka ce a fitar maka da tarago a ma'aunin ɗaya cikin 20, wanda nasa ya tuntsure ya sake. Direban da ke shiga Kano ko Nguru, ka nemi izinin ma'aikatan tasha, ka tsai da sanda mai tsawon mita ɗaya a jikin tsohon tarago, ka ɗauko hoto ta gaba da ta gefe ka kawo wa maƙeran garinku. Malamin makaranta, ka gayyato dattijon da ya ga zamanin awo ya zauna a gaban aji, a rubuta abin da ya faɗa tun yana da rai. Uba, in ka ga ɗanka na fama da kara da waya, kada ka kore shi da tsawa, ka miƙa masa ruler ka ce ya faɗa maka tsawon motarsa. 'Yan mata masu saƙar faifai da tabarma, ku da kuka iya ƙirga zare da launi ba ku ɓata ba, wannan fage har da ku. Kai kuma saurayi mai cewa ba ka da jari, ranar kasuwa mai zuwa ka haƙura da katin waya na yini ɗaya, ka sayi tef, ka rataya shi a wuya, kada ka ƙara yanka ƙarfe ko katako sai ka auna sau biyu. Ƙarfi muna da shi, basira mun gada, haƙuri kuwa fari da yunwa sun gwada mu sun bar mu a tsaye. Ku ƙara awo a kan waɗannan uku, ku ga wanda zai sha gabanku. Allah ya yi wa sana'arku albarka, ya sa guminku ya zama arzikin 'ya'yanku. A kama aiki!